Yadda Ake Zaɓar Babban Jami'in Gudanar da Ayyuka a Kamfani

Idan kasuwanci ya bunƙasa har mai shi ya wayi gari shi ne mai sa hannu a takardar biyan albashi, shi ne mai bin direbobi a waya, shi ne kuma mai ƙirga kaya a sito, to lokaci ya yi da zai nemi babban jami'in gudanar da ayyuka, wato mutumin da zai riƙe harkokin yau da kullum domin shugaba ya samu sukunin tsara gaba.

Abu na farko shi ne ka gano inda kai kanka ka gaza, sannan ka nemi wanda ya ƙware a nan. Kamfanin Apple ya ɗauki Tim Cook a 1998, bayan ya yi shekara 12 a kamfanin kwamfuta na IBM, a lokacin da kwamfutocin Apple ke jibge a rumbunan ajiya suna rasa daraja. Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, gwani ne wajen ƙirƙira, Cook kuwa ya san lissafin kaya da hulɗa da masana'antu. Cook ya rufe rumbuna da dama, ya rage yawan kamfanonin da ake sayen kayan haɗi a wurinsu, kuma cikin 'yan watanni kayan da ke kwana wata guda a ajiya suka koma kwana shida kacal. A ganina wannan ne ma'aunin da ya dace, domin kayan da ke zaune a sito kuɗi ne da aka ɗaure.

Wajen tantancewa, kada ka tsaya ga takardun shaida. Ka kai shi sito ko wurin aiki, ka tambaye shi abin da ya gani, domin wanda ya san aikin zai lura da kwalin da ya yi ƙura kafin ya lura da fentin ofis.

Bayan ka ɗauke shi, ka rubuta iyakar ikonsa a fili: nawa zai iya kashewa ba tare da izininka ba, su wa zai iya ɗauka ko ya sallama. Kada kuma ka warware hukuncinsa a gaban ma'aikata, ko da ɗan'uwanka ne ya kawo ƙara, domin daga ranar kowa zai riƙa tsallake shi ya zo wurinka. Ku ware rana guda a mako ku zauna ku biyu ku duba alƙaluma, kuma duk saɓanin da ke tsakaninku ku kashe shi a wannan zaman.