Yadda ake zaɓen kad-rida mai sauri da aminci don kwashe hotuna

Mai hoton da ya dawo daga biki da kati cike da hotuna ya san irin matsin da ke biyo baya: ƙawayen amarya sun fara kira tun kafin ya ajiye jaka. Idan kad-ridarsa, wato na'urar da ake sa katin kyamara a ciki a haɗa da kwamfuta don kwashe hotuna, ta jeka-na-yi-ka ce, zama ya same shi. Saurin kwashe hoto abu huɗu ne ke haɗuwa su ba da shi: katin, ridar, ramin USB na kwamfuta, da ma'ajiyar da hotunan za su sauka. Tafiyar ayari ce, wanda ya fi kowa sanyin ƙafa shi ke sa kowa jira. Saboda haka kafin ka je kasuwa, a gida za ka fara.

Mataki na farko, ciro katin daga kyamara ka dube shi gaba da baya. Yawancin kyamarori katin SD suke ɗauka. A fuskarsa za ka ga alamar I ko II, wato UHS-I ko UHS-II, matakan saurin kati ke nan. Idan rubutun ya goge, juya bayansa: UHS-I layi ɗaya ne na 'yan haƙoran nan masu ruwan zinare, UHS-II kuwa layi biyu gare shi. Wannan layi na biyun shi ne sirrin saurinsa. A ƙa'ida UHS-I iyakarsa megabait 104 a daƙiƙa, UHS-II yana kaiwa 312. To amma idan ka sa katin UHS-II a rida wadda ba ta da haƙoran da za su taɓa layi na biyun, zai yi aiki, sai dai da saurin UHS-I. Ka sayi kati mai tsada ke nan kana cin moriyar mai araha. Haka kuma rida mai UHS-II ba za ta ƙara wa katin UHS-I sauri ba, don haka idan ba ka da niyyar canza katuna nan kusa, kada ka ɓata kuɗinka.

Akwai kyamarorin da ba SD kaɗai suke ci ba. Canon R5 da Nikon Z8 suna amfani da CFexpress nau'in B, wasu manyan kyamarorin Sony kuma nau'in A, kuma kowanne da ridarsa, ba sa shiga ramin juna. Masu tsofaffin kyamarori masu CompactFlash su kula sosai, domin ramin katin allurai ne sirara a jere, turawa ɗaya a karkace ta isa ta lanƙwasa su.

Mataki na biyu, duba ramukan kwamfutarka. USB 2.0 a takarda megabit 480 yake bayarwa a daƙiƙa, a aikace bai cika wuce megabait 35 zuwa 40 ba (megabit 8 ne ke yin megabait ɗaya). USB 3.0 gigabit 5 ne, kuma sau da yawa cikin raminsa shuɗi ne ko an rubuta SS a gefe. Kada sunaye su ruɗe ka: USB 3.0 da USB 3.1 Gen 1 da USB 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne aka yi ta sake wa suna. Gen 2 shi ne mai gigabit 10, kuma sai mai CFexpress ne zai ga amfaninsa sosai. Ga lissafin a fili: katin gigabait 64 da ya cika zai ci kusan rabin awa a rida mai USB 2.0. A rida mai USB 3.0 da katin UHS-I mai kyau, kimanin minti 12 ne. Da UHS-II kuwa minti 5 sun isa.

Bakin USB-C ba shaidar sauri ba ne, siffar baki ce kawai. Akwai rida da kebul masu bakin C waɗanda cikinsu USB 2.0 ne, musamman kebul ɗin cajin waya. Idan ridar mai cire kebul ce, yi amfani da wanda ta zo da shi.

Mataki na uku, a shago. Ko a Farm Centre ta Kano ne ko a wata kasuwar, za a fara miƙo maka 'yar mitsitsiyar nan ta roba mai ramuka huɗu ko biyar. A ganina ta dace da mai tura waƙoƙi a memorin waya, ba mai aikin da ba a maimaita shi ba; ɗaurin aure dai sau ɗaya ake yi. Karanta kwalin: ka ga an rubuta USB 3, an rubuta SDXC (katunan da suka haura gigabait 32 ke nan, tsofaffin rida ba sa karanta su), an kuma rubuta UHS-II idan shi kake nema. Kamfanoni irin SanDisk, Lexar, Kingston, Transcend da Ugreen an san su a wannan fanni, amma sunan da ya yi fice shi aka fi yi wa jabu, don haka kwali kaɗai ba ya wadatarwa. Tura kati a ramin ka ji: ya shiga daram ba tare da ƙarfi ba, ba ya kuma rawa. Mai gajeren kebul ta fi wadda ake sokawa kai tsaye a jikin laftof, domin ita mai sokawar da zarar hannu ya buge ta sai ta yanke aiki ko ta ɓata ramin. Mai jikin ƙarfe ta fi jure zafi, mai murfi kuma tana kare ramuka daga ƙurar hunturu.

Wani abu da ke ruɗa mutane: wasu katunan UHS-I na SanDisk an rubuta musu 170 ko 200 a jiki. Wannan saurin sai da rida mai dabarar da ta dace da su ake samunsa. A sauran rida za ka ga 90 da 'yan kai, kuma ba lalacewa ba ce.

Mataki na huɗu, gwaji, kuma ya fi kyau ka tafi da laftof da katinka shagon. Kwafi babban fayil na bidiyo ka ga lambar da kwamfuta ke nunawa. Idan ta maƙale a 30 da wani abu, mai yiwuwa akwai USB 2.0 a wani wuri, ko ridar ko kebul ko ramin. Canza rami ka sake. Manhajar CrystalDiskMark a Windows ko Blackmagic Disk Speed Test a Mac za su ba ka lamba takamaimai, H2testw kuma tana tona asirin katin jabu da ke ƙaryar girma. Bar ridar ta yi aiki na 'yan mintuna ka ga ko tana ɓacewa tana dawowa. Wadda ke yin haka, mayar da ita nan take.

Idan komai ya yi daidai amma har yanzu ana jan ƙafa, duba inda hotunan ke sauka. Tsohuwar ma'ajiya mai juyawa tana rage gudu, SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wajen aiki, kwafa za ka yi, kada ka yanke, musamman a kwamfutar tebur inda ɗauke wuta ke iya katse aiki a tsakiya. Tura 'yar makullin da ke gefen katin SD ƙasa don kada a goge komai bisa kuskure. Ajiye hotunan a wuri biyu, buɗe wasu ka tabbatar sun buɗu, ka sallami katin ta cikin kwamfuta kafin ka zare shi. Sai bayan haka ka mayar da makullin sama, ka sa katin a kyamara ka yi masa fomat a can, ba a kwamfuta ba.