Aikin farko na sabbin shugabannin ƙungiyar masana kwamfuta a Yamai

A fara da takardu. Doka mai lamba 84-06 ta 1984 ce ke tsara ƙungiyoyi a Nijar, kuma in babu izinin Ma'aikatar Cikin Gida, da wuya banki ya buɗe muku asusu. Asusun ya zama na sa hannu biyu, shugaba da ma'aji. Kuɗin mambobi in suna shiga wayar mutum ɗaya, lissafi kan ɓace, zargi ya biyo baya.

Ranar miƙa mulki a karɓi kalmomin sirrin imel da shafin Facebook, a canza su nan take. Nan ake yawan sakaci.

Aiki biyu sun isa a shekara: horo kan kare bayanan jama'a bisa ƙa'idojin HAPDP (hukumar kare bayanan jama'a ta Nijar), da sama wa ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni wurin koyon aiki. Horon Afrilu ko Mayu kuwa, sai a zauren da ke da janareto, saboda ɗaukewar wuta.