Darasi na Bakwai: Maganin Zubar Fitsari Bayan Tiyatar Furostet

Furostet wani ɗan ƙullutun nama ne kamar girman goro, yana ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar da fitsari ke bi. Idan ciwon daji ya kama shi, likitoci kan cire shi gaba ɗaya, kuma a wajen aikin naman da ke tsuke bakin mafitsara yakan yi rauni. Saboda haka idan aka zare robar fitsari, mako 1 ko 2 bayan tiyata, mutum kan ga wandonsa yana jiƙewa. Yawanci abin yana raguwa cikin wata 6 zuwa 12.

Zubar iri biyu ce, kuma rashin bambance su ne ke sa mutane asarar kuɗi a kemis. Akwai wadda ke zuwa idan mutum ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga buhu, ko ya miƙe daga sujada, ita ce kuma aka fi gani bayan wannan tiyata. Akwai kuma wadda fitsari ke matsar mutum farat ɗaya, kafin ya ɗauki buta ya kai makewayi ya riga ya zubo. Shi ya sa likita ke fara tambaya, "Baba, a wane lokaci yake zubowa?"

Magani ya fi amfanar iri na biyu. Oxybutynin da tolterodine da solifenacin suna kwantar da mafitsara ta daina matsewa babu dalili, amma sukan busar da baki, su taurara bayan gida, wani lokaci ido ya yi hazo, tsoho kuma yana iya ruɗewa. Suna rage gumi, abin da bai kamata a raina ba a Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40. Mai shan su ya nemi inuwa, kuma kada ya ƙaurace wa ruwa don tsoron fitsari. Mai hawan jinin ido ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta masa. Akwai mirabegron wanda bai cika busar da baki ba, sai dai yana iya ɗaga hawan jini, don haka ana yawan aunawa. Duk cikinsu a ba su kamar mako 4 kafin a ce ba su yi ba.

Iri na farko kuwa, gaskiyar magana ƙwaya ba ta mayar da ƙarfin naman da ya yi rauni. Wasu likitoci kan gwada duloxetine, wanda asalinsa maganin ciwon damuwa ne, yakan rage ɗigar, amma yana kawo tashin zuciya da kasala da jiri, kuma ba a barinsa rana ɗaya sai a hankali bisa umarnin likita. Abin da ya fi shi shi ne motsa naman ƙasan mara: mutum ya tsuke kamar mai riƙe tusa, ya ƙirga biyar, ya saki, sau 10, safe da rana da dare. A rage shayi da goro, domin suna tsokanar mafitsara. Idan shekara ta cika babu sauƙi, likitocin mafitsara, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, za su duba ko ana bukatar wani aikin. Batun alwala kuwa, malamai sun san wannan lalura da sunan salasul bauli, kuma akwai sassauci a kanta, sai a tambaye su.

Aikin gida: ka ja layi uku a littafinka. Na kwana 3, rubuta lokacin da ka sha ruwa ko shayi, lokacin da fitsari ya zubo, da abin da kake yi sa'ilin. Ranar ganin likita ka tafi da takardar, tare da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya.