Yadda Za a Kula da Ƙwayoyin Halittar da ke Cikin Hanji

Ƙwayoyin halitta masu amfani, wato ƙananan halittu da ido ba ya iya gani, da ke zaune a babban hanji suna rayuwa ne da harzar abinci, wato ɓangaren hatsi da ganye da ciki ba ya iya narkarwa, suna sarrafa ta su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji, suna rage kumburi, kuma suna daidaita garkuwar jiki. Saboda haka a yawaita wake, da zogala, da miyar kuka, da tuwon hatsin da ba a surfe shi sosai ba, a haɗa da nono mai tsabta. A rage naman gwangwani, domin a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji. Kada a sayi kafso na kashe ƙwayoyin cuta a hannun 'yan talla a kasuwannin Yamai ba tare da takardar likita ba, domin maganin yana kashe ƙwayoyi masu amfani tare da masu cutarwa.