Kurakuran sababbin 'yan kwangila a kan takardar niyya

Na gaji da ganin ƙannenmu suna zuwa da takarda mai shafi ɗaya, baki har kunne, wai aiki ya faɗo. Ka karɓa ka karanta, sai ka tarar mai aikin cewa kawai ya yi yana da niyyar ba su kwangilar, su soma shiri kafin a kammala yarjejeniya. Ba a rattaba hannu a komai ba, amma har sun ciwo bashin siminti da rodi, leburori sun haƙa fandisho.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne tsallake iyakar kuɗin da takardar ta gindaya. Yawanci za a rubuta cewa ka yi aikin da bai wuce kaza ba, zuwa rana kaza. Kuɗin ya ƙare, wa'adi ya cika, amma injiniyan mai aiki ya dafa maka kafaɗa ya ce, "Alhaji, ci gaba kawai, ai mun zama ɗaya." Na taɓa biye wa irin wannan daɗin baki a wani ginin makaranta, na kai aiki har linta alhali takardata a fandisho ta tsaya. Ranar biya, akanta ya zaro takardar ya ɗora yatsa a kan adadin, wanda ya ce in ci gaba kuwa an yi masa canjin wurin aiki. Motata na sayar na sallami magina. To wai me zai sa ka zuba dukiyarka a ramin wani a kan maganar fatar baki? Kunyar me kake ji? Ko manya ba su tsira ba. A 2004 kamfanin gine-gine na Mowlem ya yi shari'a da Stena Line, wanda ya ba shi aiki, kan aikin tashar jiragen ruwa ta Holyhead a Birtaniya. Takardar niyyarsu ta ƙarshe ta tsaya a fam miliyan 10, suka yi aikin da ya haura haka, kotu ta ce ba za a ƙara musu ko sisi ba. Ni yanzu da na ga kuɗin ya doshi ƙarewa nake rubuta wasiƙa: ko a sabunta takarda, ko a sa hannu a cikakkiyar kwangila, ko in kwashe ma'aikatana. Wasu abokan sana'a na cewa na cika tsauri, su suka sani.

Masu ba da aiki ma su daina murna. A shari'ar British Steel da Cleveland Bridge, kan ƙarafan wani gini a Saudiyya, kotun Ingila ta ce babu kwangila tsakaninsu sam. Aka biya maƙeran, wato British Steel, ladan da ya dace da aikinsu, masu saye kuma, wato Cleveland Bridge, suka rasa diyyar jinkirin da suka nema, tunda ba a taɓa ƙulla wa'adi ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Duba wanda ya sa hannu, ko yana da ikon ɗaure kamfaninsa. Kada ka yi odar tayil da tagogin bene duka alhali share fili aka ce ka yi. A rubuta abin da za a biya ka in an fasa aikin. Ni dai ba na sauke ko tifa ɗaya ta yashi sai kafin-alƙalami ya shiga asusuna.