Kurakuran da ke hana mu riƙe kalmomin Turanci, da yadda za a gyara su

Duk shekara in JAMB da WAEC sunka matso sai ka ga yaranmu daga Birnin Kebbi, Jega, Argungu har Yawuri kowa da littafi cike da kalmomi, Turanci a hagu Hausa a dama, ana ta hadda har tsakar dare. Wallahi ƙoƙarin yana burge ni, shi ya sa abin ke min ciwo in sakamako ya fito an samu D7 ko F9 a Ingilishi, alhali ba kasala ta jawo ba, hanyar ce ba daidai ba.

Matsalar daga wanga layi biyu take farawa, kalma ɗaya ma'ana ɗaya. Yaro ya rubuta bank, ya sa banki a gabanta ya wuce, ran jarrabawa sai ya ci karo da river bank ya tsaya yana mamakin mi ya kai banki gulbi, alhali bakin gulbi ake nufi. Haka fine, yau lafiya lau ce gobe tarar da kotu ta yanke. Ka daina rubuta kalma tsirara, kwafo ta da jimlar da ka tsince ta a ciki, sannan ka ƙirƙiri taka jimlar a ƙasa, kan abin da ka sani, kasuwar Jega ko gonar shinkafar babanka.

Amma wanda ya fi kama mu, har da masu digiri, shi ne mu yi tunanin da Hausa sannan mu sa mishi rigar Turanci. Mu da ara ɗaya muke aiki, na ara wurinka, ka ara min, duk ɗaya ne, su kuwa sun raba, mai karɓa borrow yake yi mai bayarwa lend, don haka borrow me your biro da ake ta faɗi a aji kuskure ne, lend me ake cewa. Ji ma haka, mu mukan ji magana mu ji wari mu ji sanyi mu ji gishiri a miya, su kowanne da kalmarshi, hear da smell da feel da taste, ba a hear ɗin wari. Sha fa? Ruwa drink ake yi, ƙwayar magani take ake yi. Ruwan sama mai ƙarfi heavy rain ne ba strong rain ba, kuskure kuma make ake yi ba do ba. Kar ka wahalar da kanka neman dalili, haka masu harshen sunka saba haɗa su, kuma irin wanga ne ɓangaren Lexis and Structure na WAEC, wato na kalmomi da ginin jimla, ke gwadawa. In ka koyi sabuwar kalma ka tambayi kanka, da wa take tafiya? wace kalma ke zuwa gabanta, wace ke binta? Ka haddace su tare.

Sai son manyan kalmomi. Mutum bai gama rarrabe say da tell ba amma ya je ya ɗauko wata mai gaɓa biyar don ya burge a Facebook, kamar mai cika rumbu da shinkafa shanshera ba ta tukunya ko tiya guda. Tun 1953 wani malami Michael West ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da anka fi amfani da su, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan abin da za ka karanta a jarida ko ka ji a rediyo. Fara da irinsu, ka san su ciki da bai, get kaɗai da put sun ishe ka aikin sati.

Advice, information, furniture, equipment, ba a ƙara musu s. In ka buɗe ƙamus na masu koyo za ka ga harafin U a gefensu, ma'ana ba a ƙirga su. Discuss kuma ba ta son about a bayanta.

Akwai kuma masu sanin kalma da ido kawai, ba su taɓa jin yadda ake furta ta ba. Mu da p da f ke ba wahala, pull da full, pan da fan, in baki bai raba su ba hannu ma zai haɗa su wurin rubutu. Ƙamus na waya yana da ɗan hoton lasifika, danna ka saurara ka maimaita da ƙarfi, ko da ƙannenka za su yi dariya. Dabarar da na fi so ita ce ka saurari labarai a BBC Hausa, sannan ka nemi labarin nan da Turanci, tunda ka riga ka san zancen kalmomin da kansu za su rinƙa buɗe maka.

Mantuwa kuwa kowa na yinta. Wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa abin da anka haddace da farko-farko yake fin saurin zubewa, in ba a waiwaye shi ba. To maimakon kalma 50 a dare ɗaya, ɗauki biyar, ka duba su gobe, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan sati, kuma kowacce ka samu inda za ka yi aiki da ita a ranar, ko a saƙon WhatsApp ne zuwa ga abokin karatunka, ka ce mishi in ya ga kuskure ya gyara maka kai ma ka gyara nashi.