Yadda ake kiwon ƙwayoyin hanji don rage haɗarin ciwon daji

A cikin babban hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38. Akasarinsu ma'aikatanka ne. Su ke narka dusa da harzar ganye da ciki ya kasa narkawa, su fitar da sinadarin butyrate, abincin bangon hanji, wanda ke kwantar da kumburi, ya kuma taimaka wa garkuwar jiki ta bambance abokin gaba da ɗan gida. Amma akwai ɓata-gari. Wani nau'in E. coli yana fitar da guba mai suna colibactin da ke lalata ƙwayoyin gado, ita kuwa Fusobacterium nucleatum, wadda asalinta daga baki take, an same ta jibge cikin ƙarin ciwon dajin hanji tana hana sojojin jiki aikinsu. Ga yadda za ka taimaki na kirkin.

Fara da tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba, wato dusa da harzar abinci, kullum, kuma a Kano wannan ba ya buƙatar kuɗi da yawa: wake, ɗanwake, kwaɗon zogale ko rama, miyar kuka, kuɓewa, gero da dawa. Matsalarmu surfe. Sai a surfe gero fes, a kwashe dusar a zuba wa akuya, mu kuma mu ci farin. A riƙa rage surfen. In ba ka saba ba, ƙara waken kaɗan-kaɗan, don cikin zai yi ta ƙugi makon farko. Kindirmo da daddawa ma su shiga, amma nonon ya zama dafaffe.

Sai nama. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej da na gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, jan nama kuma a matakin zargi. Ban ce a daina tsire ba, ni ma ba zan iya ba. A dai daina mai da shi abincin kowane dare, a kuma bar gefen da ya ƙone baƙi.

Na uku, daina shiga kemis kana cewa a ba ka Flagyl don ciki ya murɗa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta bai san na kirki ba, share fage yake yi. Sai da takardar likita. Baki kuma a kula da shi: asuwaki da buroshi, a nuna dasashi mai jini ga likitan haƙori.

Na ƙarshe, kada kowane jini a bayan gida ya zama "basir ne". Idan jini ya zo tare da rama, ko canjin bahaya na makonni, ko ƙarancin jini, bar mai maganin lasifika, ka nemi a duba hanjin da na'urar leƙe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Amurka daga shekara 45 ake fara gwajin ko da lafiya lau. In mahaifi ko ɗan'uwa ya taɓa yin ciwon dajin hanji, faɗa wa likita tun a zaman farko.